Kafin jirgi marar matuƙi ya iso da agaji, wa zai danna ƙirjin?

A watan Mayu ne, ana tsakiyar yankan shinkafar rani a fadamarmu ta yankin Suru a jihar Kebbi, kawuna ya faɗi. Hantsi bai gama ɗagawa ba. Ya sunkuya zai ciccibi dami, sai ya saki, ya zauna daɓas kamar wanda aka hankaɗa, daga nan ya kife gefe guda, fuskarsa cikin karan shinkafa. Mutum ne mai shekara 50 da 'yan kai. Da asuba shi ya tashe mu, shi ya riga kowa shiga gona.

Mun kai mu 20 a wurin, kuma babu wanda ya tsaya kallo. Wani ya kwarara masa ruwan jarka a ka. Wani ya cire malfarsa yana yi masa fifita. Wani yaro ya ruga ya samo albasa, aka fasa aka kara masa a hanci. Shi kuwa yana wani irin jan numfashi mai kama da minshari, ya ja ɗaya, a jima, ya sake jan ɗaya. Wani dattijo da muke gona kusa da juna ya ce, "Ku ja baya ku ba shi iska, ai shina lumfashi." Muka ja baya. Babban ɗansa ya riƙe mini hannu yana cewa, "Yaya, mi za mu yi?" Ni ne mai karatun boko a cikinsu, ni ne malamin makaranta, ga waya a hannuna, amma abin da na iya yi kawai shi ne kiran ɗan kabu-kabu. Da jan numfashin ya fara nisa da juna, dattijon ya durƙusa kusa da kunnensa ya soma laƙƙana masa kalmar shahada. Aka ɗora shi a babur tsakanin mai tuƙi da ɗansa, ƙafafunsa na jan ƙasa. Mun fi minti 40 kafin mu isa ƙaramin asibitin da ya fi kusa. Ma'aikacin da muka tarar ya taɓa wuyansa, ya haska masa tocila a ido, ya ce sai haƙuri. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.

Ajali na Allah ne, kuma ban ce da mun yi wani abu da yau yana raye ba. Abin da ke hana ni barci daban ne: mutum 20, hannu 40, babu hannu ɗaya da ya sauka a kan ƙirjinsa.

Bayan wasu watanni wani ƙanena ya nuna mini labarin wani dattijo ɗan ƙasar Suwidin a wayarsa. A watan Disamba na 2021, a garin Trollhättan, wannan mutum mai shekara 71 yana share ƙanƙara a ƙofar gidansa zuciyarsa ta tsaya. Wani likita da ke kan hanyarsa ta zuwa aiki ya gan shi, ya tsaya ya fara danna masa ƙirji, aka kira lambar agaji. Cikin minti 3 da 'yan daƙiƙoƙi jirgi marar matuƙi na kamfanin Everdrone ya iso, ya zuro na'urar farfaɗo da zuciya da igiya. Aka jona masa, ya rayu. Ƙanen nawa ya ce, "Yaya, da muna da irin wannan, da Kawu bai tafi haka ba." Tun daga ranar nake juya maganar, domin na ji tana yawo a bakin 'yan boko: ƙauyukanmu na da nisa, hanyoyi sun lalace, motar ɗaukar marasa lafiya ba ta zuwa, to me zai hana a bi ta sama?

Ina son jirgin nan. Ba na cikin masu cewa komai na zamani bai dace da mu ba, don da idona na ga yadda injin ban-ruwa da famfo mai aiki da hasken rana suka sauya noman rani a Kebbi. Amma na yi imani cewa idan aka fara da jirgi, za a kashe kuɗi mai yawa a ceci mutane kaɗan ƙwarai, ko ma a rasa wanda za a nuna. A labarin Suwidin ɗin nan kowa jirgin yake kallo. Ni likitan da ya durƙusa a ƙanƙara nake kallo.

Sai an fahimci abin da ke faruwa a cikin ƙirji kafin a gane dalili. Mu nan komai "bugun zuciya" muke ce masa, alhali abu biyu ne. Akwai toshewar jijiyar da ke kai wa ita kanta zuciyar jini: mutum na jin ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse, yana gumi, ciwon na iya sauka hannu ko haɓa, amma yana magana, idonsa biyu. Akwai kuma tsayawar zuciya, inda wutar lantarkin da Allah ya sanya mata don daidaita bugunta take rikicewa. Sau da yawa a farko zuciyar ba shiru take yi ba, karkarwa take yi kamar kifin da aka jefo tudu, ba ta tura jini ko'ina. Mutum ya faɗi nan take, ba ya amsa kira, numfashinsa ya ɗauke ko ya koma wannan kakarin da muka ji a fadama. Kakarin nan ba numfashi ba ne. Alama ce cewa zuciya ta tsaya yanzun nan, kuma lokacin ne aka fi samun damar dawo da ita. Mu kuma shi muka ɗauka hujjar ja da baya.

Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini. Daga minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. Likitoci sun ƙiyasta cewa duk mintin da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a kuma jona na'ura ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ka lissafa da kanka inda minti 10 za su kai mutum. Ita na'urar aikinta ɗaya ne: a manna wasu faifai biyu a fatar ƙirji, ta karanta bugun da kanta, in ta ga irin karkarwar da jan wuta ke gyarawa sai ta ce a matsa a danna maɓalli. Tana magana, tana faɗin abin da za a yi mataki-mataki, ba ta buƙatar likita. Amma in an bar zuciyar ta gaji da karkarwa ta yi ɗif, na'urar ba ta da abin da za ta ja. Danna ƙirji shi ke tura ɗan jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya riƙe ran a bakin ƙofa har na'ura ta iso. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Su kansu mutanen Suwidin ba su ɓoye wannan ba. Masana na cibiyar Karolinska sun bi diddigin jiragen nan daga 2021 zuwa 2022, suka wallafa sakamakon a 2023. A cikin kai ɗauki 55, jirgin ya riga motar asibiti isa sau 37, da tazarar minti 3 da 'yan kai. Wannan nasara ce. To amma a cikin waɗanda jirgin ya riga mota, mutum 18 ne aka tabbatar zuciyarsu ta tsaya da gaske, kuma 6 kacal aka manna wa na'urar kafin ma'aikatan lafiya su iso. Sauran, na'ura ta sauka a ƙofar gida, ba ta kai ga ƙirjin mai ita a kan lokaci ba. Wannan a ƙasar da kusan kowa ya yi makaranta, da yawansu an koya musu agajin gaggawa, kuma akwai ma'aikaci a waya yana yi musu jagora. Yanzu ka ɗauko akwatin nan ka sauke shi a fadamarmu ranar da Kawu ya faɗi. Akwati ne daga sama, yana magana da Turanci. Wa zai buɗe? Ni da kaina, a yadda nake a ranar, ban tabbata zan taɓa shi ba.

Sai maganar nisa, wadda ita ce hujjar masu son jirgin, kuma ita ce ke kayar da hujjar. Jiragen Suwidin kilomita kaɗan suke zuwa daga inda aka girke su, a yankunan da jama'a ke da yawa, shi ya sa suke isa cikin mintuna. Faɗin jihar Kebbi ya haura murabba'in kilomita 36,000. In kowace tasha za ta kula da kilomita 6 ta kowace fuska, ana buƙatar tasha sama da 300 kafin a game jihar, kowacce da jirginta da batirinta da mai kula da ita dare da rana. In kuwa aka ce a girke tasha ɗaya a Birnin Kebbi, wata a Yawuri, wata a Zuru, to jirgi mai gudun kilomita 100 a awa zai ci minti 24 kafin ya isa ƙauyen da ke nisan kilomita 40. A tsayawar zuciya, minti 24 ba tare da danna ƙirji ba, zancen wanka da likkafani ake yi. Ga hazon hunturu da ke rufe gari mako guda, ga guguwar farkon damina. A gwajin farko na Suwidin ma ba a tashin jirgin in ana ruwa ko iska mai ƙarfi.

Kuma kafin jirgi ya tashi sai an kira. Lambar agaji a Suwidin 112 ce, mu ma 112 ce. Je ka tambayi mutum 10 a kasuwar Jega ko ta Kamba lambar da za su kira in wani ya faɗi, ka ji amsa. A ƙauyuka da dama sai an hau tudu ko an je gindin wata bishiya da kowa ya sani kafin waya ta shiga. In ta shiga, yaya za ka kwatanta wurin? Adireshinmu "bayan gonar maigari, kusa da tsamiyar nan" ne, kuma mafi yawan manoma ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, ba wadda ke nuna inda mutum yake a taswira ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun san abin da ya fi haka. A watan Maris na 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe, gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar jihar, a watan Satumba na shekarar kuma aka katse layukan waya gaba ɗaya na tsawon makonni. A Nijeriya tashin jirgi marar matuƙi na buƙatar izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a halin da muke ciki ba zan ga laifinsu ba in sun tsaurara. Akwai kuma abin da takarda ba ta ɗauka. A ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, da na Zamfara da dama, wanda ya ji ƙugin wani abu a sama ba agaji ne ke fara zuwa ransa ba. Mata yara suke kwashewa su shige ɗaki.

Duk da haka akwai aikin da jirgin nan ya fi kowa iyawa, kuma shi nake so a fara kawo mana shi dominsa. Kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda tun 2016, ya shiga Ghana a 2019, a 2022 kuma ya buɗe tasha a Pambegua ta jihar Kaduna. Jirgin na zuwa ya saki ƙunshi da 'yar lema ya juya. Matar da ta haihu jini ya ɓalle mata, in tana hannun ma'aikaciyar lafiya, minti 30 ko 40 na iya zama tsakanin rayuwa da mutuwa, kuma jirgi zai iya cin wannan tazarar. Manomin da kububuwa ta sara a gona yana da sa'o'i, matsalarsa ita ce maganin dafin ba ya kusa, in ma an samu tsadarsa ta fi ƙarfinsa. Allurar rigakafi da allurar tsayar da jinin haihuwa suna son sanyi, ƙananan asibitocinmu kuma ba wuta. Mutanen tsibiran Yawuri da Ngaski da sai da kwalekwale ake kai musu, da garuruwan fadama da ambaliya ke yankewa duk damina, su ne jirgin zai yi wa rana. A nan akwai wanda ya san aiki yana jira a ƙasa, kuma agogo na ba da ɗan sarari. A tsayawar zuciya babu ko ɗaya cikin biyun.

To me nake so a yi? A koya mana danna ƙirji, mu duka, kamar yadda aka koya mana alwala.

Abin ba shi da wuya, shi ya sa takaicin ya fi yawa. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar garinmu ce ta koya mini cikin ƙasa da awa ɗaya. Ka ga mutum ya faɗi, ka girgiza kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi yadda aka saba, ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a katifa ba. Ka tura wani neman taimako. Ka durƙusa, ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya lotsa kamar santimita 5 zuwa 6, ka bari ya dawo, ka sake. Sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu duk daƙiƙa. Da na ce mata yaya zan riƙe wannan saurin, sai ta ce in tuna luguden mata biyu a turmi ɗaya. Kuma kamar lugude, karɓa-karɓa ake yi: bayan kamar minti 2 hannu ya gaji, wani ya karɓa ba tare da an tsaya ba. Ga babban mutum da ya faɗi a gabanka, ko ba ka hura masa numfashi a baki ba, dannawar kaɗai na da amfani sosai. Wanda ya nutse a ruwa da ƙaramin yaro su ne ke buƙatar a haɗa da hura numfashi, kuma wannan darasi ne da ya kamata kowane masunci da mai kwalekwale daga Argungu har Warra ya sani.

Ƙasar Denmak ta gwada wannan hanya an gani. Ta wajabta koyar da shi a makarantu a 2005, ta sanya shi sharaɗin samun lasisin tuƙi a 2006. Tsakanin 2001 da 2010, waɗanda mutanen da ke kusa suka danna wa ƙirji sun ƙaru daga kashi 21 zuwa kashi 45 cikin 100, waɗanda suka rayu har bayan kwana 30 kuma suka tashi daga kashi 3.5 zuwa kashi 10.8. Babu jirgi ko ɗaya a wannan lissafin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a riƙa koya wa yara daga shekara 12, awa 2 kacal a shekara. Ni malami ne, na san awa nawa muke ɓatawa a zangon karatu ɗaya wajen sharar fili da jiran baƙi.

Na san koyarwar kaɗai ba za ta isa ba, domin abin da ke riƙe hannunmu ba jahilci kaɗai ba ne. Akwai tsoro. Wanda ya danna ƙirjin ɗan wani, haƙarƙari ya karye (kuma yakan karye, ko a hannun likita), mutumin ya cika, gobe za a ce wane ne ya hau shi ya ƙarasa shi. A gari kuma tsoron 'yan sanda ne, kada ka taimaka ka kwana a bayan kanta kana bayani. Wannan sai hakimai da masu unguwanni sun faɗa da bakinsu a bainar jama'a cewa wanda ya yi ƙoƙarin ceton rai ba mai laifi ba ne, majalisar jiha kuma ta rubuta shi doka.

Akwai kuma abin da ya fi tsoro nauyi, shi ne ganin da muke yi cewa taɓa mai gargara rashin ladabi ne, ko jayayya da hukuncin Allah. Dattijon da ya laƙƙana wa Kawu shahada alheri ya yi masa, kuma ina roƙon Allah ya ba ni mai yi mini haka. Amma ina abin da ya hana a haɗa biyun? Ɗaya na kunne yana tuna masa Ubangijinsa, ɗaya na ƙirji yana dannawa. Babu wanda ya san ko wannan gargarar ta tafiya ce ko ta neman agaji sai Allah, mu kuwa an umarce mu da neman magani, kuma a Suratul Ma'ida an faɗa mana matsayin wanda ya raya rai guda. Limamai ne za su warware wannan ƙulli, ba likitoci ba. Huɗuba ɗaya ta Juma'a a kan wannan, sannan bayan sallah a shimfiɗa tabarma a harabar masallaci wani ma'aikacin lafiya ya nuna, za ta kai inda takardar ma'aikatar lafiya ba za ta taɓa kaiwa ba.

Sai mata, waɗanda kusan kullum ake mantawa da su a irin wannan magana. Mace ta faɗi a tsakar gida da rana, maza na gona ko kasuwa, wa ke wurin? Kishiyarta, surukarta, 'yarta budurwa. Ko namiji na kusa, kunya da al'ada za su sa ya yi turus kafin ya sa hannu a ƙirjin matar da ba tasa ba, balle a ce a buɗe fata a manna na'ura. Malamai sun san hukuncin lalura, su faɗa. Amma mafi sauƙi a koya wa matan kansu, a makarantun Islamiyya, a wurin awon ciki, a hannun ungozoma. Kuma matanmu na da nasu haɗarin na musamman. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon kasawar zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, har suka danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciyar gadon wuta. Mai jegon da ƙafarta ke kumbura, take haki in ta kwanta, ba "jego ne" kawai ba, asibiti take buƙata tun kafin a kai ga faɗuwa.

Ita na'urar fa? A sayo ta, amma a ajiye ta a ƙasa, inda mutane ke taruwa. Kebbi na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225. Na'ura ɗaya a babban asibitin kowace mazaɓa, da manyan kasuwanni, da tashoshin mota, da masallatan Juma'a, da filin bikin kamun kifi na Argungu, abu ne da lissafinsa bai kai na tashoshin jirage ba ko kusa. A sa a yi mata muryar Hausa. A naɗa wanda zai riƙa duba ta, domin batirinta da faifan mannawarta suna da wa'adi, zafin Afrilu kuma ba ya raga wa komai. Kada a kulle ta a ofishin wani ya tafi da makulli ɗaurin aure. Kuma muna da namu jirgin da ya san kowace hanya da kowace tsamiya: ɗan kabu-kabu. Shi ake fara kira ko yanzu. A koya masa danna ƙirji, a ba shugabannin tasharsu na'ura, ka ga wanda zai isa fadama kafin duk wani abu da zai taso daga Birni.

Masu kallon ƙwallo sun ga bambancin da idonsu. Ranar 12 ga Yuni 2021, Christian Eriksen ya faɗi a filin Kofanhegan ana wasan Denmak da Finlan. A gidajen kallo na nan mutane suka yi tsit. Nan take aka fara danna masa ƙirji, aka jona na'ura, ya dawo, har ya koma buga wa Brentford, daga baya Manchester United. Shekara guda da 'yan watanni kafin nan, ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a filin Lafiya ana wasa da Katsina United. Motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Bai rayu ba. Manya kuma ba su manta Samuel Okwaraji ba, ɗan wasan Nijeriya da ya faɗi ya rasu a filin Legas, 1989. Abin da ya ceci Eriksen yana gefen fili tun kafin a busa usur, tare da mutanen da suka san yadda ake amfani da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, to an dawo da zuciya a fadama, sai kuma me? Tambaya ce mai nauyi. Wanda aka farfaɗo yana buƙatar mota mai iskar numfashi, da asibitin da zai iya riƙe shi kwanaki, irin waɗannan kuwa sai Birnin Kebbi ko Sakkwato. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, kashi 5 cikin 100 na wannan asusu kuma na agajin gaggawa ne, an kuma ƙaddamar da tsarin motocin agaji na ƙasa a 2022. Haƙƙinmu ne mu tambayi kansila da ciyaman da ɗan majalisa ina rabon ƙaramar hukumarmu, mota nawa ce ke tashi, wa ke zuba mata mai. Duk ɗan siyasar da ya zo mana da hoton jirgi marar matuƙi, mu fara yi masa wannan tambayar. Sannan mu rage masu faɗuwar tun asali. Kimanin ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya na da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. Kawu ya daɗe yana kukan ciwon kai da jiri, yana sayen ƙwaya a kemis yana cewa rana ce. Ba a taɓa ɗaura masa abin awon jini a hannu ba, ko sau ɗaya, kuma ni da nake zuwa gari duk mako ban taɓa cewa ya biyo ni ba.

Da hutun da ya wuce na cika buhu da ɓuntun shinkafa na ɗaure bakinsa tam, na ajiye a zauren gidan Kawu. Na tara 'ya'yansa da samarin unguwa, har da ɗan kabu-kabun da ya ɗauke shi ranar. Muka yi ta dannawa ana ƙirgawa da ƙarfi, wanda ya lanƙwasa gwiwar hannu a ce ya sake. Babban ɗansa bai ce komai ba, shi ya fi kowa daɗewa a kan buhun, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Muna cikin haka sai na ji muryar Inna, matar Kawu, daga bayan labulen ƙofar tsakar gida. Ashe tun ɗazu tana tsaye.

"Kai ɗan nan," ta ce, "in kun ƙare ku shigo muna da buhun ciki. Mu ma a gwada muna."